Ƙara wa keken hawan dutse faɗin taya: tambayoyi da amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan fitowa daga bakin masu keken hawan dutse da suka ga taya mai kauri a kasuwa ko a keken wani, ransu ya biya. Wasu kan tambaya tun kuɗinsu na aljihu, wasu kuwa sai taya ta fara cin fenti. An fara da masu sauƙi, aka gangara zuwa masu buƙatar rula da sifana.

1. Me taya mai faɗi za ta ƙara mini, me kuma za ta rage?

Abin da kake saya a gaskiya shi ne ɗakin iska. Taya mai faɗi tana ɗaukar iska da yawa, don haka za ka iya rage mata tauri ba tare da rim ya riƙa bugun dutse ba. Idan ta yi laushi sai ta kwanta a ƙasa da kyau: ta fi riƙo a kwana, birki ya fi kamawa, girgizar burji ta ragu a hannu da ƙugu. A rairayi ne bambancin ya fi fitowa. Inda siririyar taya ke nutsewa tana jan kan keke hagu da dama, mai faɗi takan bi ta sama ta wuce.

Amma fa ba kyauta ba ne. Tayar tsere mai faɗin inci 2.1 takan yi giram 600 zuwa 700, mai 2.4 da manyan haƙora takan kai kilo ɗaya ko ta ɗara, kuma nauyin da ke bakin wili shi ƙafa ta fi ji a duk tashi. Wanda rabin tafiyarsa a kwalta take zai ji keken ya yi masa nawa. Sannan duk milimitar da taya ta ƙara, daga ratar da ke tsakaninta da firam aka cire ta. Kusan duk sauran tambayoyin nan a kan wannan ratar suke.

2. Lambobin da ke jikin taya, wanne ne faɗi, wanne ne girma?

Za ka ga rubutu iri biyu. Na farko da inci yake, kamar 26 x 2.10: lamba ta farko girman wili, ta biyu faɗin taya. Na biyu da milimita yake, kamar 54-559, kuma shi ne abin dogaro. A nan 54 faɗin taya ne, 559 kuma faɗin da'irar rim a daidai inda leɓen taya ke zama. Ƙungiyar masu ƙera taya da rim ta Turai, ETRTO, ita ta tsara wannan lissafi, kamfanonin duniya kuma suka bi.

Kekunan hawan dutse girma uku ne suka fi yawa: 26 shi ne 559, sai 27.5 shi ne 584, sai 29 shi ne 622. Lambar nan ta biyu ba a ciniki a kanta, dole ta taya ta zo daidai da ta rim. Lambar faɗi kaɗai, wato 54 a misalin 54-559, kake da zaɓi a kanta. Inci ɗaya milimita 25.4 ne, don haka 2.1 ya kama wajen 54, 2.35 wajen 60, 2.6 kuma wajen 66.

3. Mai shago ya ce duk taya mai lamba 26 ɗaya ce. Haka ne?

A'a. Akwai 26 x 1 3/8 ta tsofaffin kekunan gari, wadda rim ɗinta 590 ne, ba za ta zauna a rim 559 ba ko da sabulu. Haka tayar manyan kekunan nan irin su Raleigh da Phoenix na dā, mai lamba 28 x 1 1/2, rim ɗinta 635 ne, wato ya fi na keken 29 girma duk da lambar incinsa ta fi ƙanƙanta. Ka karanta lambar milimita ta jikin tsohuwar tayarka kafin ka fita kasuwa, ka rubuta ta a waya.

4. Na sayi mai lamba 2.4, na auna ban samu 2.4 ba. An cuce ni?

Da wuya. Kowane kamfani da yadda yake awo: wani daga haƙori zuwa haƙori, wani jikin tayar kawai, kowa kuma a kan rim ɗin da ya zaɓa da yawan iskar da ya zaɓa. Shi ya sa 2.35 ta wani kamfani kan fi 2.4 ta wani kauri. Rim ɗinka ma yana da hannu a ciki, kamar yadda aka bayyana a amsa ta 8.

Akwai kuma buɗewa. Sabuwar taya takan saki jiki bayan ta kwana da iska, ta ƙara milimita ɗaya ko biyu. Kada ka yanke hukuncin cewa ta shiga a ranar da ka ɗaura ta. Ka ba ta iska sosai, ka bar ta ta kwana, gobe ka sake awo.

5. Yaya zan san iyakar faɗin da firam ɗina zai ɗauka kafin in saya?

Idan keken na sanannen kamfani ne kuma ka san sunan samfurinsa da shekararsa, sau da yawa kamfanin kan rubuta iyakar faɗin taya a takardar keken ko a shafinsa na intanet. Yawancin kekunan hannu da ke shigowa kasuwanninmu ba su zuwa da takarda, wasu ma an sake musu fenti, don haka awo ne mafita.

Ka bar tayarka ta yanzu a jiki da iskarta. Fara auna ainihin faɗinta a inda ta fi kumbura, kada ka dogara da lambar jikinta. Sannan ka auna ratar da ta bari a wurare huɗu a baya. Na farko tsakanin sandunan ƙasa biyu da suka taso daga gidan feda zuwa tsakiyar wilin baya, kuma nan ne ya fi matsewa a yawancin kekuna. Na biyu tsakanin sandunan sama biyu da suka sauko daga ƙarƙashin sirdi. Na uku ƙarƙashin ɗan ƙarfen da ya haɗa sandunan saman. Na huɗu bayan bututun da sirdi ke shiga. Hanya mai sauƙi ita ce ka riƙa zura makullan alanki ɗaya bayan ɗaya, mafi kaurin da ya wuce ba tare da ya taɓa ba shi ne ratarka.

Ga misali. Tayarka ta auna milimita 52, rata mafi ƙanƙanta a kowane gefe 10. Kenan tsakanin sandunan 72 ne. Ka cire 6 hagu, 6 dama, saura 60, wato wajen inci 2.35. Sai dai kada ka tsaya a nan, domin taya mai faɗi ta fi tsayi ma. Idan faɗi ya ƙaru da milimita 8, tsayi ma zai ƙaru da kusan haka, kuma kafaɗar tayar za ta matsa gaba zuwa inda sandunan suka fi tsukewa. Saboda haka ni nakan rage milimita 2 ko 3 daga abin da lissafi ya ba ni.

6. Rata nawa ya kamata in bari? Idan dai ba ta taɓa ba, ai shi kenan?

Ba shi kenan ba. Ƙa'idar ingancin kekuna ta duniya, ISO 4210, ta nemi aƙalla milimita 6 tsakanin taya da kowane sashe na firam ko fok (ƙafafu biyun da ke riƙe wilin gaba) a keken hawan dutse. Dalili shi ne keke a tsaye daban, keke a tafiya daban. Wili yana lanƙwasa a kwana, firam yana murɗewa idan ka miƙe kana taka feda, taya tana kwaso tsakuwa da laka. Idan sufok ɗaya ya tsinke a daji wili zai fara yawo, kuma ratar nan ce za ta kai ka gida a kan sirdi maimakon a ƙafa.

A rani, a busasshiyar hanya, wasu kan yi maneji da 4 ko 5 su zauna lafiya. Da damina kuwa, a ƙasa mai danƙo irin ta fadama, 6 ɗin ma kaɗan ce. Na taɓa cusa 2.35 a wani tsohon keke mai wili 26 ina ta murna da shi har aka yi ruwan farko. Laka ta cika tsakanin sandunan, wilin baya ya tsaya cak, na yi ta tonon ta da kara kowane taku ɗari. Da na wanke shi a gida na tarar fentin ciki ya tafi har ƙarfe ya fito.

7. Gaban fa? Na ga fok yana da fili sosai.

Gaba yakan fi baya fili, gaskiya ne, amma hatsarinsa ya fi girma. A fok mai shoka wurare biyu ake dubawa. Na farko ƙarƙashin bakan da ya haɗa ƙafafun fok, wannan yana tafiya tare da taya, don haka ratarsa ba ta canzawa. Na biyu ƙarƙashin kan fok, inda ƙafafun suka haɗu da bututun da ke shiga firam. Shi wannan taya tana kusantarsa duk lokacin da shoka ta nutse. Idan ta taɓa shi a lokacin da ka dira daga tudu, wilin gaba zai ƙame nan take, kai kuma ka wuce ta saman kan keke.

Idan shokarka ta iska ce, rubuta yawan iskar da ke ciki, ka sace ta duka, ka danna fok har ƙarshe, ka duba ko saura rata. Idan ta sifirin ce, auna daga saman taya zuwa ƙarƙashin kan fok, ka tabbata ya ɗara tsawon nutsewar shokar da aƙalla milimita 6. Fok mai nutsewar 100 yana buƙatar 106 ko fiye. Keke mai shoka a baya ma haka za a yi masa, a sace iskar a danne sirdi, a ga ko taya za ta kai ga bututun sirdi ko sirdin kansa. Masu ƙaramin firam su ƙara da juya kan keke yayin da feda ke gaba, don a ga ko yatsun ƙafa za su taɓa taya.

8. Rim ɗina zai ɗauki taya mai faɗi, ko sai na canza shi?

Abin dubawa shi ne faɗin cikin rim, tsakanin leɓɓansa biyu, ba faɗin waje ba. Wani lokaci an rubuta shi a jiki, kamar 559 x 19, wato ciki milimita 19. Tsofaffin kekuna na shekarun 1990 da farkon 2000 rim ɗinsu 17 zuwa 19 ne, na yanzu kuwa 25 zuwa 35. A ƙiyasin da masu hawa ke bi, rim 17 zuwa 19 ya fi jin daɗin taya 1.9 zuwa 2.2, rim 21 zuwa 25 ya dace da 2.1 zuwa 2.35, rim 30 da 2.35 zuwa 2.6, taya 2.8 zuwa 3.0 kuma tana son 35 zuwa 45.

Taya mai faɗi a siririn rim za ta hau, amma za ta yi siffar ƙwan fitila: ƙasa a tsuke, sama a kumbure. Da zarar ka rage iska sai ta riƙa naɗewa a kwana, ka ji bayan keke yana rawa. Dole ka ƙara mata iska, kenan amfanin da ka saye ta dominsa ya tafi. Akasin haka ma matsala ce: siririyar taya a rim mai faɗi takan baje, haƙoran gefe su miƙe sama, bangonta ya fito fili ga duwatsu. Wannan ne ya sa kamfanin Maxxis ke buga WT a wasu tayoyinsa, alamar an tsara su don rim mai ciki 30 zuwa 35.

Idan ka yanke shawarar canza rim, ka tuna tayar za ta ƙara faɗi a kansa, kusan milimita 2 ga kowane 5 da aka ƙara wa cikin rim. Tayar da ke shiga firam ɗinka yau tana iya ƙin shiga bayan ka sayi sabon wili. Ka koma lissafin amsa ta 5 kafin ka biya.

9. Taya ba ta taɓa firam, amma kaca tana goga ta idan na sa giyar hawan tudu.

A giya mafi laushi kaca tana kan babban faranti a baya da ƙaramin faranti a gaba, wato ta matso cikin keke iyakar matsowa, kusa da gefen taya. Kekuna masu faranti uku a gaba sun fi fama da wannan. Wani lokaci ma ba kacar ba ce, wutsiyar abin canza giyar gaba ce ke taɓa haƙoran taya, ko kuma bakin wayarsa da aka bari da tsawo. Na ƙarshen nan lanƙwasa wayar kawai za a yi.

Idan kacar ce da kanta, zaɓin ba su da yawa. Ko ka haƙura da giyar ƙarshe, ko ka koma faranti ɗaya a gaba, ko ka rage faɗin tayar baya. Wannan matsala na cikin dalilan da suka sa aka fito da tsarin Boost wajajen 2015: aka faɗaɗa gindin wilin baya daga milimita 142 zuwa 148, na gaba daga 100 zuwa 110, aka tura layin kaca waje da milimita 3. Firam mai gindin baya 135 ko 142 ba a mayar da shi Boost, haka aka ƙera shi.

10. Birkina mai kama rim ne. Zai hana?

Yana iya hanawa ta hanya biyu. Wayar da ta gitta saman taya tsakanin hannuwan birkin biyu tana iya taɓa haƙora idan taya ta yi tsayi, sai a nemi birki mai dogayen hannuwa. Sannan wurin cire wili, ko ka kwance wayar, taya mai kauri kan ƙi wucewa tsakanin robobin birki. Maganin wannan shi ne ka sace iska kafin ka cire, ka kuma mayar da wili kafin ka ba shi iska. Bayan ka gama ka duba kada robar birki ta riƙa shafar bangon taya, don tana yanka shi cikin 'yan kwanaki. Masu birkin faifai ba ruwansu da duk wannan.

11. Gefe ɗaya kawai take gogawa, ɗaya gefen akwai fili. Me ya jawo?

Fara da abu mafi sauƙi. Tsayar da keken a ƙasa, kwance abin ɗaure wili, danna keken ƙasa don sandar tsakiyar wili ta zauna har ƙarshen mazauninta a gefe biyu, sannan ka ɗaure. Rabin masu wannan kuka a nan suke sallama. Idan ba ta gyaru ba, juya wili kana kallon rim, ba taya ba. Idan rim yana kai-kawo, sufok ne ke son gyara. Idan rim yana tafiya sambal amma taya na yawo, leɓenta ne bai zauna ba, duba amsa ta 13.

Idan kuwa duka biyun suna tafiya daidai amma sun karkata gefe guda, to rim ɗin ba ya tsakiyar gindin wili. Gwajinsa: cire wilin ka mayar da shi a juye, hagu ta koma dama. Idan matsin ya bi wilin ya koma ɗaya gefen, laifin wili ne, mai gyaran da ya iya sufok zai jawo rim ɗin tsakiya. Idan matsin ya tsaya inda yake, firam ne ya karkace ko haka aka ƙera shi. Da siririyar taya ba wanda ke lura da karkatar milimita 2 ko 3, mai faɗi ce ke tona asiri.

12. A tsaye ba ta taɓawa, amma ina jin ƙara idan na miƙe a kan feda ko na sha kwana. In share?

Kada ka share. Wannan shi ne lanƙwasar da aka ambata a amsa ta 6. Manna farin tef a cikin sandunan ƙasa da na sama, ka yi zagaye ɗaya, inda tef ya yi baƙi nan take gogawa. Sa a duba ƙarfin sufok da boris ɗin gindin wili, domin sako-sakon wili ya fi lanƙwasa. Idan duk lafiya suke kuma ƙarar na nan, tayar ta yi wa keken yawa.

Roba ita kaɗai ba ta cin ƙarfe da sauri, amma roba mai ɗauke da yashi sanfefa ce. Bangon bututun alminiyam siriri ne, na kabon kuwa ya fi saurin cinyewa, kuma a daidai wurin da firam ke ɗaukar ƙarfin taka feda. Tef ɗin kariya yana tsare fenti daga laka da tsakuwa, ba ya maye gurbin rata.

13. Sabuwar tayar ta ƙi hawa rim, ko ta hau tana rawa. Yaya zan yi?

A tsakiyar kowane rim akwai kwari. Sirrin ɗaura taya mai tauri shi ne ka tura leɓenta cikin kwarin nan zagaye duka, don a samu sassauci a inda ya rage. Ka fara daga inda ya fi nisa da bawul, ka ƙare a kan bawul. Shafa ruwan sabulu a leɓen, kada ka sa man inji ko giris, suna lalata roba. Ka guji sukudireba, tana huda tub tana kuma lanƙwasa bakin rim. Kafin ka fara ka duba kibiyar jikin taya mai nuna inda za ta juya, don babu abin haushi kamar ka gama kokawa ka ga ka sa ta a juye.

Idan ta hau tana rawa, nemi siririn layin da ke zagaye da bangon taya kusa da rim. Ya kamata ya fito daidai ko'ina. Inda ya nutse, nan ne leɓe bai hau ba. Sace iska, shafa sabulu a wurin, sake hurawa a hankali har ka ji ta yi ƙas. Kada ka wuce iyakar da aka rubuta a taya ko a rim, wanda ya fi ƙanƙanta a cikinsu. Idan a wurin mai faci na mota za ka hura, ka tsaya a kansa, injinsa na iya fasa tayar keke kafin ka ce dakata.

14. Iska nawa zan ba ta?

Ƙasa da yadda ka saba. Wannan shi ne kuskuren da ya fi yawa: mutum ya sayi 2.4 ya bunƙa mata iskar da yake ba 1.95, ta yi tauri tana tsalle kamar ƙwallo, ya ce ba ta da amfani. Ga mai nauyin kilo 70 zuwa 75, wurin farawa a taya 2.4 marar tub shi ne wajen psi 22 a gaba, 25 a baya, a ma'aunin iska. Mai tub ya ƙara 3 zuwa 5. Taya 2.8 takan sauka ƙasa da 20. Idan ma'auninka da bar yake, bar ɗaya psi 14.5 ne.

Daga nan sai ka gyara da jikinka. Idan kana jin rim na bugun dutse ko taya na naɗewa a kwana, ƙara. Idan keke na tsalle yana zamewa, rage kaɗan-kaɗan. A rairayi mai zurfi a rage, a kwalta ko da kaya a kariya a ƙara. Matsa taya da babban yatsa ba ya bambanta 22 da 28, sai da ma'auni.

15. Tsohon tub ɗina zai yi? Ko in koma marar tub gaba ɗaya?

Kowane tub an rubuta masa iyaka, kamar 26 x 1.75 zuwa 2.125. Zai iya miƙewa ya cika taya 2.4, amma zai yi siriri, ƙaya ta fi samunsa, faci kuma ba ya daɗewa a kansa. Sayi wanda ya dace, ka kuma duba bawul: ramin rim na siririn bawul da ake kira Presta ba ya karɓar mai kauri irin na mota.

Marar tub yana da amfani na gaske a inda tsidau da ƙayar aduwa ko ta bagaruwa suka yi yawa, don ruwan da ake zubawa a ciki yana toshe ƙananan huji kana cikin tafiya. Sharaɗinsa, rim da taya duka su kasance an yi su don haka, a kuma liƙe ramukan sufok da tef ɗin da ya dace da faɗin rim. Taya 29 x 2.4 tana shan wajen mililita 100 na ruwan. A zafin bazara yana bushewa da wuri, ka riƙa dubawa duk wata biyu. Kuma ko da marar tub, ka riƙe tub ɗaya a jaka.

16. Zan iya sa mai faɗi a gaba kawai, in bar ta baya?

Sosai ma, kuma ga tsohon keke wannan ce shawarar da na fi bayarwa. Gaba ne ke da fili, gaba ne kuma ke buƙatar riƙo: idan baya ya zame kana iya tarowa, idan gaba ya zame sai ƙasa. Haɗin 2.35 a gaba da 2.1 a baya yana kauce wa matsalolin amsa ta 5 da ta 9, da rabin kuɗi.

17. Tsayin keke da giya za su canza?

Kaɗan. Daga 2.1 zuwa 2.4 keken zai ɗaga da wajen milimita 7, feda ta ɗan ƙara nisa da duwatsu. Kowane juyin wili zai ƙara tafiyar wajen santimita 4, kusan kashi 2 cikin 100, sai giya ta ɗan yi nauyi a tudu. Mai na'urar ƙirga gudu da ke karanta juyin wili ya sake saita ta: ya yi alama a ƙasa daidai bawul, ya hau ya mirgina juyi ɗaya, ya auna tsakanin alamomin. Madigadi kuwa sau da yawa sai an cire shi ko an nemi mai faɗi.

18. Na ji ana sa wili 27.5 da taya mai kauri a firam na 29. Ko 27.5 a firam na 26?

Na farkon yana da lissafi a bayansa. Wili 29 da taya 2.3 tsayinsa wajen milimita 738 ne, wili 27.5 da taya 3.0 wajen 736, da 2.8 kuma wajen 726. Tsayi ya kusa, amma faɗi ya ƙaru da santimita ɗaya zuwa biyu, kuma kumburin tayar yana faɗawa wani wuri daban a tsakanin sandunan. Firam ɗin da aka ƙera don karɓar duka biyun ne ke yin wannan lafiya, yawancinsu masu Boost. Da 2.8 keken zai sauka ƙasa, feda ta riƙa bugun dutse.

Na biyun ya fi wuya. Rim 584 ya ɗara 559 da milimita 12.5 daga tsakiya zuwa baki, wato ka cinye tsayin da taya za ta samu tun ba ka ɗaura ta ba, sai dai ka koma siririya, abin da ya saɓa wa niyyarka ta farko. Birki mai kama rim ma robarsa ba za ta kai sabon wurin ba. Gwajin fok na amsa ta 7 wajibi ne a nan.

19. Saura ƙiris ta shiga. Zan iya yanke haƙoran gefe, ko a ɗan daddoka firam?

Yanke haƙoran gefe da filaya mai kaifi yana samar da milimita 1 ko 2 a kowane gefe, kuma ba ya cutar da keke. Sai dai haƙoran nan su ne ke riƙe ka a kwana, don haka a tayar baya kaɗai nake yarda da shi, kuma a rage tsayinsu ne, ba a aske su ba. Idan jikin tayar ne ke taɓawa ba haƙora ba, yankan ba zai yi komai ba. A firam mai doguwar tsaga a mazaunin wilin baya, ana iya ja da wili baya kaɗan, a ƙara wa kaca tsawo.

Daddoka firam kuwa ya danganta da ƙarfensa. Firam na baƙin ƙarfe, wanda maganaɗisu ke kamawa, masu ƙera kekuna kan lotsa sandunan ƙasansa kaɗan da matsi na musamman, ba da guduma ba. Alminiyam ba ya yafe lanƙwasa, yakan tsage daga baya a daidai wurin, kabon kuwa ko kusa. Goge bakan fok da fayil ko kai firam wurin mai walda ya buɗa shi da wuta, wannan garin neman gira ne a rasa ido. Idan tayar ba ta taɓa ƙasa ba tukuna, wanke sabulun jikinta ka mayar a canza maka da wadda ta gaza ta da lamba ɗaya, ko ka mayar da ita gaba kamar yadda aka ce a amsa ta 16.